Mai juna biyu da ta haɗiye ƙullin ƙwaya: tambayoyi da amsoshi kan taimakon gaggawa

Mutum uku muka yi wa wannan shafi: dangin da 'yarsu ko matarsu ta faɗa musu abin da ke cikinta, ma'aikacin lafiyar da aka kawo masa ita, da jami'in da take hannunsa. Adadin magungunan da muka ambata na ma'aikatan asibiti ne. Ba na gwadawa a gida ba ne.

Me ake nufi da haɗiye ƙulli, kuma ina haɗarin yake?

Masu safarar hodar iblis da heroyin kan ƙulle hodar a roba, su ba mutum ya haɗiye, ya tsallake filin jirgi da ita, in ya isa ya kasayar. Rahoton farko da likitoci suka rubuta a kan haka ya fito daga Toronto ta ƙasar Kanada a 1973. Abin da aka saba gani shi ne ƙulli 50 zuwa 100 a cikin mutum ɗaya, kowane yana da giram 8 zuwa 10, jimilla wajen kilo guda. Giram ɗaya ko biyu na hodar iblis ya isa ya kashe babban mutum, ke nan ƙulli ɗaya tak ya ninka abin da ke kisa sau da yawa.

Likita yana rarrabe hali uku, domin kulawarsu ta bambanta. Akwai wadda ta haɗiye da yawa da niyyar tafiya. Akwai wadda ta haɗiye 'yan ƙulli cikin firgici da ta hango jami'ai; nata kaɗan ne amma ɗaurin ba shi da ƙwari, ya fi saurin yoyo, don haka ko tana ras ana riƙe ta a asibiti aƙalla awa 6, mai juna biyu kuwa gara ta kwana. Sai wadda ta cusa ta gaba ko ta dubura.

Kaduna tana tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Abuja. Ba sai a filin jirgi abin ke tashi ba: yana iya kama mace a tashar Kawo, a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, ko a ɗakinta bayan ta fasa tafiyar ta dawo gida da kayan a ciki.

Me juna biyu ke ƙarawa a kan haɗarin?

Da farko, hanjin mai juna biyu yana da nawa. Sinadarin da ke riƙe ciki yana sassauta motsin hanji, mahaifa kuma tana danne shi, sai ƙullin ya daɗe bai fita ba. Iya daɗewarsa iya lalacewar robar. In ta sha maganin tsayar da gudawa kafin tafiya, abin ya ƙaru.

Na biyu, sinadarin da ke narkar da hodar iblis a jini yana raguwa lokacin goyon ciki, sai gubar ta jima tana aiki. Hodar tana matse jijiyoyin da ke kai jini mahaifa, iskar da ke isa ga ɗan tayi ta ragu, kuma tana iya ɓamɓare mabiyiya daga jikin mahaifa tun kafin haihuwa. Wannan kan zo da ciwon mara mai tsanani da taurin ciki, wani lokaci da zubar jini, wani lokaci jinin ya taru a ciki ba a gani.

Na uku shi ne wanda ya fi yaudarar ma'aikata. Jinin mai juna biyu yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, don haka tana iya zubar da jini mai yawa awon jininta bai faɗi ba. Mahaifa ta ture hanji sama da baya, fatar ciki ta miƙe, sai hanji ya huje amma cikin bai yi taurin da aka saba gani ba. Amai, kumburin ciki da rashin bahaya kuwa kowa zai ce laulayi ne. Ga shi iskar da ke ajiye a huhunta kaɗan ce, in numfashi ya tsaya ta fi sauran mutane saurin galabaita.

Ta yaya za a gane ƙulli ya fashe ko yana yoyo?

Ya danganta da abin da ke ciki, kuma sau da yawa ita kanta ba a faɗa mata gaskiyar abin da ta ɗauka ba. Jikinta za a karanta.

In hodar iblis ce ko wata ƙwaya mai zaburarwa: rashin natsuwa, sambatu, gumi sharkaf, bugun zuciya da sauri, hawan jini, zafin jiki mai tsanani, baƙin ido ya buɗe, ciwon ƙirji, sannan jijjiga. Daga alamar farko zuwa tsayawar zuciya yana iya zama 'yan mintuna.

In heroyin ce: barci mai nauyi da ba ta farkawa, baƙin ido ya tsuke ya zama ɗigo, numfashi ya ragu ƙasa da 12 a minti, minshari, leɓe ya yi shuɗi-shuɗi.

Akwai kuma matsalar da ba ta guba ba. Ƙullin na iya cunkushewa ya toshe hanji ko ya huda shi: amai ba tsayawa, musamman mai kore, ciki ya kumbura, ba bahaya ba tusa, ciwon da ba ya lafawa, zazzaɓi.

Likita, ƙanwata ce, ta faɗa mini ɗazu, kuma lafiyarta ƙalau. Mu jira ya fita da kansa a gida?

A'a, Hajiya. Lafiyar da kike gani ba ta nuna komai game da ƙwarin robar. Ku tafi asibiti yanzu, tun tana tafiya da ƙafarta.

Kafin ku isa, ga abin da ba za a yi ba. Kada a sa ta amai, domin ƙulli na iya maƙalewa a maƙogwaro ya toshe numfashi. Kada a ba ta filasko, jar kanwa, ko wani maganin wankin ciki na kemis ko na gargajiya. Suna murɗa hanji da ƙarfi, su matse ƙullin. Kada a ba ta man zurma, man farafin, manja ko man gyaɗa da sunan santsi: mai yana cin roba ya raunana ta, man zurma kuma yana tayar da naƙuda. Kada a yi mata ɗurin ruwan sabulu ta dubura, kada a danna ko a murza cikin, kada a sa yatsa a ciro. Madara ba ta kashe wannan guba, gawayin murhu ma ba shi ne na asibiti ba. Ta daina cin abinci tun yanzu, don ana iya bukatar tiyata.

A mota ta kwanta ta gefen hagu, mutum ɗaya ya zauna kusa yana lura da numfashinta. Ku ɗauki katin awon cikinta. In wani ƙulli ya riga ya fita, a sa safar hannu ko leda a ɗauke shi, kada a buɗe. In ta suma ko tana jijjiga, a kira 112 in akwai hali, amma kada a tsaya jiran mota in akwai wata a ƙofa. Kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu tana sume. A yi addu'ar ana tafiya.

Wane asibiti ya dace?

Wanda ke da ɗakin tiyata mai aiki dare da rana, likitan tiyata, likitan mata, mai sa barci, ma'ajiyar jini da wurin kula da jarirai bakwaini. A cikin garin Kaduna akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Asibitin Sojoji na 44. A Zariya akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. In alamun guba sun riga sun bayyana, mafi kusa za a nufa, ko Yusuf Ɗantsoho ne a Tudun Wada ko Gwamna Awan a Kakuri, a daidaita ta tukuna. Daga Kaduna zuwa Zariya wajen kilomita 80 ne, mace mai jijjiga ba ta da wannan lokacin.

Ƙaramin asibitin unguwa aikinsa uku ne: ya sa mata robar ƙarin ruwa, ya ba ta oksijin in da shi, ya tura ta tare da ma'aikaci bayan an buga waya can an sanar. A rubuta gaskiyar lamarin a takardar turawa. Takardar da aka rubuta "ciwon ciki" kawai tana sa a ajiye ta a layi.

Za a ƙi karɓarta sai da takardar 'yan sanda? Kuma za a tona mata asiri?

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikaci ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun.

Batun sirri kuwa ba za mu ɓoye muku ba. Dokar ta kare bayanan majinyaci, amma ta bar ƙofa inda kotu ko wata doka ta bukaci a bayyana. Ƙullin da ya fito ba a mayar wa dangi ko wanda ya aiko ta. Hukumar NDLEA mai yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, ita ke karɓa, kuma dokarta ta tanadi hukuncin da ya kai ɗaurin rai da rai ga shigo da hodar iblis ko heroyin ko fitar da su. Wannan tsoro ne ke sa mata su yi shiru har abin ya ƙwace. Shari'a tana da lauya, da beli, da ɗaukaka ƙara, ƙullin da ya fashe a gida ba shi da ko ɗaya. Wadda ba ta da kuɗin lauya tana iya neman Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Wadda aka tilasta wa ko aka yaudara da sunan aiki ko Umra ta faɗa tun farko a rubuta, domin lamarin na iya shiga hurumin NAPTIP, hukumar da ke yaƙi da safarar mutane.

Me ake yi a mintunan farko a sashen gaggawa?

Uwa ake fara ceta, kuma wannan shi ne maganin ɗan tayi. A duba hanyar numfashi, a ba da oksijin har awonsa ya tsaya a 95 ko sama. In cikin ya kai mako 20, wato mahaifa ta kai cibiya, a karkata ta hagu da digiri 15 zuwa 30 don mahaifa ta sauka daga kan babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. A sa manyan robobin jijiya biyu a hannu, a ɗebi jini don rukuni da haɗawa, yawan jini, ƙoda, gishirin jini da daskarewa. A auna suga nan take, a auna zafin jiki da ma'auni ba da tafin hannu ba, a ɗauki hoton bugun zuciya. A saurari zuciyar ɗan tayi. Daidai shi ne 110 zuwa 160 a minti. A kira likitan tiyata da na mata tun tana lafiya.

Tambayoyin a yi su a keɓe, ba a gaban wanda ya rako ta ba, don wani lokaci shi ne mai kayan. Mene ne, guda nawa, yaushe, nawa suka fita, an cusa wani ta ƙasa, ta sha maganin tsayar da bahaya, ita kanta tana shan ƙwaya? Gwajin fitsari ba abin dogaro ba ne: yana iya fitowa babu komai alhali cikin cike yake.

Ta zo da hawan jini da jijjiga. Yaya za a bambanta da jijjigar masu ciki?

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma ba laifin kowa ba ne: a asibitocinmu mai ciki da ta zo tana jijjiga da jini 180 bisa 120, hankalin kowa jijjigar masu ciki yake tafiya, in da zazzaɓi a ce maleriyar ƙwaƙwalwa ko sanƙarau. Abin da ke nuna hodar iblis shi ne baƙin ido a buɗe, gumi, zafin jiki da ya haura 39, bugun zuciya 140 ko fiye, fizge-fizge da faɗa kafin jijjigar, cikin da bai kai mako 20 ba, ko katin awon da ya nuna jininta daidai a makon da ya wuce. Furotin a fitsari ba ya raba gardama, ana iya samunsa a duka biyun.

In an kasa rarrabewa, a yi maganin duka. Magnesiyam salfet giram 4 ta jijiya a hankali ba ya hana komai, amma shi kaɗai ba zai kwantar da gubar ba. Jigon magani shi ne diyazefam, miligiram 5 zuwa 10 ta jijiya a hankali, a maimaita bayan minti 5 zuwa 10 har ta natsu. Yana sauke bugun zuciya, hawan jini da zafin jiki tare. Tsoron kada ya sa jariri barci ba hujjar hana shi ba ce. Sai dai haɗuwarsa da magnesiyam na iya danne numfashi, don haka jakar hura iska da kalsiyam gulukonet giram 1 su kasance a gefen gado.

Sai tarkon labetalol. Shi ne hannun ma'aikacin ɗakin haihuwa ya saba ɗaukowa, amma magungunan da ke toshe hanyar beta, irin su furofanolol, suna iya ƙara matse jijiyoyin zuciya a gubar hodar iblis, kuma labetalol danginsu ne. A ra'ayinmu a bar shi. In jini bai sauka da diyazefam ba, a ba da haidiralazin miligiram 5 ta jijiya a hankali, a maimaita bayan minti 20, ko naitirogilisarin ta ƙarin ruwa, ko fentolamin inda ake da shi. A sauke jinin ƙasa da 160 bisa 110, kada a faɗo da shi lokaci guda, mabiyiya na bukatar matsin. A guji fenitoyin, domin yana taɓa zuciya ta hanyar da hodar ke taɓawa. In hoton zuciya ya nuna faɗin QRS, wato tsinin da ke nuna kowane bugu a hoton, ya wuce sakan 0.12, a ba da sodiyam baikabonet milimol 1 zuwa 2 a kowane kilo na nauyinta.

Zafin jiki shi ke kashewa a ɓoye. Farasitamol ba ya aiki a nan, don zafin daga tsoka yake. A tuɓe ta, a jiƙa ta da ruwan sanyi, a kunna fanka, a sa ƙanƙara a wuya, hammata da matsematsi, a sauko da shi ƙasa da 39 cikin rabin awa. Ɗaure ta da ƙarfi tana kokawa yana ƙara zafin; magani ne zai kwantar da ita.

Duk wannan sayen lokaci ne zuwa ɗakin tiyata. Hodar iblis ba ta da makari. Wadda ta haɗiye da yawa kuma alamun guba suka bayyana, tiyata ce nan take, ba a jiran hoto.

In heroyin ce fa?

Wannan tana da makari, nalokson. A fara hura mata iska da jaka, sannan a ba da miligiram 0.4 ta jijiya, a maimaita ko a ƙara kowane minti 2 zuwa 3 har numfashi ya haura 12 a minti. Mai ƙulli na iya bukatar miligiram 2 ko fiye da haka sosai. In ba a samu jijiya ba, a yi a tsoka. Ƙarfinsa yana ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90, ƙullin kuwa yana ci gaba da yoyo, shi ya sa matar da ta farka ta yi magana kan koma suma bayan an juya baya. A haɗa shi a ƙarin ruwa: kashi biyu cikin uku na adadin da ya farkar da ita, a kowace awa.

In ita kanta ta saba da heroyin, kodin ko tiramadol, a fara da kaɗan, kamar miligiram 0.04 zuwa 0.1, don yankewar ƙwaya farat ɗaya na iya tayar da naƙuda. In ba ta numfashi kwata-kwata, wannan lissafi ya faɗi, a ba ta cikakke. Wadda nalokson ya riƙe ana iya wanke mata hanji a ɗakin kulawa ta musamman ba tare da tiyata ba.

An ce hoton eksire yana nakasa jariri. Gaskiya ne?

Da sikanin ake farawa: ba shi da illa, yana nuna shekarun ciki, mabiyiya da zuciyar ɗan tayi, kuma gwani na iya hango ƙulli a tumbi. Amma ba ya ƙirga su, ba ya kuma tabbatar da babu.

Ana auna hasken da ke isa ga ɗan tayi da ma'aunin mGy. Ƙasa da 50 ba a nuna yana jawo nakasa ko ɓari ba. Eksire ɗaya na ciki yana ba da 0.1 zuwa 3. Hoton CT na ciki, wato eksiren da ke ɗaukar jiki yanki-yanki, ya fi haka nesa, amma guda ɗaya yawanci bai kai 50 ba, kuma ana iya rage ƙarfinsa in an gaya wa mai ɗaukar hoton tana da ciki. Akwai ɗan ƙarin haɗarin sankara ga yaron a gaba, ƙarami ne, a faɗa mata shi. Eksire na kuskure aƙalla mutum ɗaya cikin goma, ya fi kuskure in saura ƙulli ɗaya ko biyu, ga ƙasusuwan jariri suna rufe hoton a tsohon ciki. CT kusan ba ya kuskure. MRI, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu, ba shi da wannan haske, inda ake da shi ana iya amfani da shi ba tare da allurar rini ba.

Hukuncinmu: kada a yi hoto barkatai, amma in ana zargin toshewa ko hujewa, ko ana son tabbatar da ba saura kafin sallama, juna biyu ba ya hana hoton da ya dace.

Yaya ake fitar da su in ba tiyata?

Mafi yawan waɗanda suka iso lafiya ba a yanka su. Ana wanke hanji da ruwan PEG, irin wanda ake sha kafin a leƙa babban hanji. Jiki ba ya tsotse shi sosai, ba ya murɗa hanji, turawa kawai yake yi. Adadin babba shi ne lita 1.5 zuwa 2 a awa. Ba mai iya shan haka da kofi, balle mai laulayi, don haka ana sa robar hanci, a fara da rabin lita a awa a riƙa ƙarawa. A ɗaga kan gado digiri 45, a ɗan karkata ta hagu. In amai ya taso a ba da metokulofiramaid miligiram 10, a rage gudun na ɗan lokaci. A riƙa duba fotasiyam, sodiyam da suga, ƙarin ruwa yana tafiya.

Ba a yin wankin in hanji ya toshe ko ya huje, in ba a jin motsinsa, in jininta ya faɗi, ko tana magagi ba a sa mata robar numfashi ba. Gawayin asibiti giram 50 yana da amfani ga wadda ta haɗiye 'yan ƙulli cikin awa ɗaya da ta wuce, amma in da alamar za a buɗe ciki a bar shi, yana ɓata wurin aiki. Inda babu PEG, gara abinci mai ruwa-ruwa da haƙuri, ko laktulos, da a kama maganin zawo mai ƙarfi. Ba a ciro su da na'urar leƙa tumbi sai a wani hali na musamman, don maƙatar na iya yaga robar.

A fo za ta yi bahaya, ba a masai ba. Ma'aikaci mai safar hannu ya ƙirga kowane ƙulli a gaban shaida, ya duba ko ya tsage, ya rubuta lokaci, a rufe a ajiye. Yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki. Ana cewa an gama in ta yi bahaya biyu ko uku ba ƙulli, sannan hoto ya tabbatar. Kada a dogara da lissafinta kaɗai. Wadda ta haɗiye cikin tsoro ba ta cika riƙe adadi ba.

Duk tsawon lokacin ana auna ta aƙalla kowace awa, ana sauraron ɗan tayi, da na'ura in cikin ya kai mako 28. Raguwar bugun zuciyarsa ko murɗawar mara na iya riga duk wata alama a jikin uwar.

Yaushe tiyata ta zama dole, kuma za a ciro jaririn a lokaci guda?

Gubar hodar iblis, toshewar hanji, hujewa, zubar jini, gubar heroyin da ta fi ƙarfin nalokson, ko ƙullin da ya ƙi motsi kwanaki, wanda cibiyoyi da dama ke sa wa iyaka wajen kwana biyar. Ana tsaga tsakiyar ciki, a buɗe tumbi ko hanji a wuri ɗaya ko fiye, a tatso ƙullin a hankali, na ƙasa a tura su ta dubura, a laluba hanji daga sama har ƙasa. Duk da haka ana iya barin ɗaya, shi ya sa ake hoto bayan aiki.

Ciro jariri ba dole ba ne. In cikin ƙarami ne kuma ɗan tayi lafiya, a bar mahaifa a yi aikin hanji. Ana ciro shi in mabiyiya ta ɓamɓare, in ya galabaita kuma ya isa rayuwa a waje, ko mahaifa ta tare wa likita hanya. In aka haɗa, jariri ake fara cirowa a ɗinke mahaifa kafin a buɗe hanji, saboda ƙazanta. Tsakanin mako 24 da 34 ana ba da dekzametazon miligiram 6 a tsoka kowace awa 12 sau huɗu don huhun jariri, amma ba a jinkirta tiyatar gaggawa dominsa. Mai rukunin jini nagetif da ta zubar da jini tana bukatar allurar anti-D, mai hana jikinta yaƙar jinin jariri, cikin awa 72.

Ga mai sa barci: cikinta a cike yake, sai da robar numfashi. A gubar hodar iblis a guji ketamin da halotan, na farko yana ƙara hawan jini, na biyu yana rikita bugun zuciya. Bayan haihuwa oksitosin za a ba ta, ba argometirin ba. Salbutamol don tsayar da naƙuda ma a bar shi.

Naƙuda ta kama ta da ƙulli a ciki?

Ta haihu a inda ɗakin tiyata ke kusa, likitan tiyata yana sane. Kada a danna saman ciki don taimaka wa nishi. Ƙullin da ya taru a dubura na iya tare kan jariri ko ya matsu tsakanin kai da ƙashi, don haka likitan mata da na tiyata su yanke hanyar haihuwa tare. Wanda aka cusa ta gaba likita ne zai ciro da yatsu a hankali, ba da ƙarfe mai kama ba, sannan a duba rauni da fashewar faya. Mai karɓar jariri ya shirya jakar hura iska. Jaririn da heroyin ko diyazefam ya sa barci iska yake bukata kafin komai.

Zuciyarta ta tsaya?

A danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, tana rigingine a wuri mai tauri, mutum ɗaya ya ture mahaifa hagu da hannu biyu. Na'urar girgiza zuciya ana amfani da ita kamar ga kowa. In mahaifa ta kai cibiya kuma zuciya ba ta dawo ba cikin minti 4, a fara ciro jaririn a nan inda take, a yi ƙoƙari ya fito a minti na 5, ana ci gaba da dannawa. Don uwar ake yi, ko da jaririn ba zai rayu ba: sauke nauyin mahaifa yana barin jini ya koma zuciya.

Tana hannunmu a ofis, muna jiran ta kasayar. Me ya kamata mu sani, Likita?

Ranka ya daɗe, mai juna biyu ba a jiran ta a ɗakin tsaro. A kai ta asibiti da jami'a mace, a yi gadin a can. Kada a ba ta maganin zawo don a gaggauta, kada a ɗaure ta a jikin gado ta yadda ba za a iya juya ta ba. Ku kula da masu zuwa dubiya: wanda ya matsa a sallame ta, ko ya kawo mata abin sha daga waje, a sanar da likita.

Bayan sun fita, sai me? Za ta iya shayarwa?

In ƙullin duk sun fita ba wanda ya tsage kuma ba ta nuna alamar guba ba, tana iya shayarwa. In gubar ta shiga jininta, hodar iblis da heroyin suna bi ta nono. Ta tatse ta zubar aƙalla awa 24 bayan fitar na ƙarshe da lafawar alamun, likitan yara ya faɗi lokacin komawa. In cikin yana nan, ta dawo awo cikin mako guda, a yi sikanin girman ɗan tayi bayan mako biyu zuwa uku, ta kuma haihu a asibiti. Wadda ke shan ƙwaya kada ta yanke da kanta tana da ciki. A haɗa ta da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa su tsara tare da likitan mata. Ciwon mara, zubar jini, raguwar motsin jariri, amai, zazzaɓi ko ruwa daga wurin ɗinki, kowanne ya bayyana ta koma asibitin da aka yi mata aikin a ranar, da takardar sallamar da ke ɗauke da adadin ƙullin da aka ciro da sakamakon hoton ƙarshe.